Ƙaramin Mutumin Da Ke Riƙe Da Akalar Ƙarti Takwas

A ƙasar Ingila akwai wata gasa ta tseren kwale-kwale tsakanin ɗaliban manyan jami'o'i biyu, watau Oksfod da Kembirij. An fara ta cikin 1829, kuma tun daga 1856 kowace shekara ake yin ta, in ban da lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu da shekarar 2020 ta annobar korona. A Kogin Tems na birnin Landan ake tseren, daga Putney zuwa Mortlake, tafiyar mil 4 da yadi 374.

Kowane kwale-kwale mutum tara yake ɗauka. Takwas ƙarti ne majiya ƙarfi, kowa da filafilinsa, kuma dukkansu sun ba inda za su baya. Na taran kuwa ɗan ƙaramin mutum ne, yana zaune can ƙarshen jirgin, ba ya taɓa filafili. Turawa suna kiransa koks, watau madugun jirgin. Shi kaɗai ne yake kallon gaba, saboda haka shi ne idon sauran.

Aikinsa biyu ne. Na farko, yana riƙe da igiyar wani ɗan abin karkata jirgi da ke ƙarƙashin ruwa. Kogin yana da kwana-kwana, kuma ana tseren ne sa'ad da ruwan teku ke turowa, don haka kowane madugu so yake ya hau inda ruwa ya fi gudu. Na biyu, shi ne ke faɗa wa matuƙa lokacin da za su ƙara wuta, da inda abokan gaba suke, ya kuma ƙarfafa musu gwiwa in gajiya ta zo. Da yake shi kaya ne a jirgin, akan nemi marar nauyi. Amma doka ta ce kada ya kasa kilo 55 a tseren maza, in ya kasa sai a ƙara masa wani nauyi.

Kuskuren madugu ba ya ɓoyuwa. Cikin 1984, ana gab da fara tsere, madugun Kembirij, Peter Hobson, ya kai jirginsu ya yi karo da wani babban jirgin kaya da ke tsaye. Jirgin ya karye, aka ɗage tseren sai washegari, Oksfod kuwa ta cinye. Haka kuma cikin 2012 alƙalin wasa ya yi ta gargaɗin Oksfod cewa sun matsa wa Kembirij, filafilai suka haɗu, ɗaya na Oksfod ya karye. Da mutum bakwai suka ƙarasa, suka sha kaye, wahalar horon watanni ta tafi a banza.

Mata ma sun nuna bajinta a wannan kujera. Cikin 1981 Sue Brown ta zama mace ta farko da ta jagoranci maza a gasar, Oksfod ta ci, ta sake ci da ita cikin 1982. Cikin 2016 kuwa igiyar ruwa ta cika jirgin matan Kembirij har ya kusa nutsewa. Alƙali ya tambaya ko za su haƙura, madugarsu Rosemary Ostfeld ta nuna a ci gaba, suka lallaɓa har ƙarshe, ko da yake ba su ci ba.

Ladan madugu in an yi nasara shi ne matuƙa su ɗauke shi caɗak su jefa shi cikin kogi. Amma cikin 2024 an gargaɗe su da su bar wannan al'ada, saboda ƙwayoyin cuta da aka samu a ruwan Tems.