Ba Hausa Ce Ke Kayar Da Yaranmu A Turanci Ba

A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa da aka kafa a 2022, yana mai danganta faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da shi. Iyaye da dama sun yi na'am, a ganinsu an gano cutar. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗan sakandare a Giyawa ko Rabah, a Jihar Sakkwato, ya san inda gizo ke saƙar. Yaron ya san kalmomin Turanci ɗaiɗai, ya haddace nahawu gwargwado. Abin da ya rasa shi ne sanin wace kalma ke tafiya da wace. Bahaushe yana shan magani, yana cin jarrabawa, yana jin ƙamshi. Sai yaron ya kwashe waɗannan yadda suke ya zuba cikin Turanci, inda magani ɗauka ake yi, jarrabawa kuma wucewa. Mai duba takarda ya ja jan biro. Masanin harshe na Ingila, J. R. Firth, ya ja hankali kan wannan abota ta kalmomi tun shekarun 1950.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Ɗalibin Sin, a harshensu, cin magani yake yi, fitila kuma buɗe ta yake yi, haka yake rubutawa da Turanci. Amma Sinawa ba su kori harshensu daga aji ba. Malamai biyu, Gui Shichun da Yang Huizhong, sun tara rubutun ɗalibai na kimanin kalmomi miliyan ɗaya, suka yi wa kurakuran alama, aka wallafa a 2003, masu koyarwa suka san inda za su sa ƙarfi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan yanki namu ya daɗe da sanin yadda ake koyon baƙon harshe. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. Shi Bello da ya rubuta Infaƙul Maisuri da Larabci ba a gidan Larabawa aka haife shi ba. Har yau a makarantun zaure, malam yana karanta gaɓa guda ta Ishmawi ko Risala, ya tsaya, ya fassara da Hausa, almajiri ya maimaita yana bin layin da yatsa. Wanda ya yi nisa ya shiga Muƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya. Ba a ba shi kalma tsirara, ana ba shi ita tare da abokan tafiyarta, ya ji ta sau ɗari har ta zauna a kunne. Hausa ce ke riƙe masa hannu a duk tafiyar, ba ta taɓa hana kowa zama ƙwararre a Larabci ba.

To, yaron boko a Giyawa fa, ina yake jin Turanci? Littafin karatu guda yara da yawa ke rabawa, ɗakin karatu babu, rashin tsaro kuma yana yanke zangon karatu a gabashin Sakkwato. Idan aka tilasta wa malamin da shi kansa Turancin bai zauna masa ba ya yi ta yinsa tun daga aji ɗaya, kurakuransa kawai zai gadar wa yara.

Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Sakkwato ta daina jiran Abuja. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna da malaman harshe. A ba su kuɗi su tattaro insha'in ɗalibai daga Goronyo, Wurno da Rabah, su fitar da haɗe-haɗen kalmomin da yaranmu suka fi kuskurewa, a buga ɗan littafi mai bayani da Hausa, a kai kowane aji.