Farin garin da ke kwantar da mota a daji

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut, ya san irin faɗuwar gaban da mutum ke ji in ya murɗa makulli mota ta yi shiru. Ga rana tsaka, ga mata da yara a baya, ruwan sha kuma ya kusa ƙarewa. Sau da yawa inji lahiya lau yake, man fetur na nan. Laihin duka na wani farin gari ne, mai ratsin kore ko shuɗi, da ya taru bisa kawunan batir.

Mine ne wannan gari? Batirin mota, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago a 1859, ɗakuna shida gare shi, kowane da farantan darma jiƙe cikin ruwan asid. In ya cika yana bada wuta volt 12,6. Tururin asid ɗin da ke hita shi ke cin darma da jan ƙarhen wayoyi, ya bar wannan tsatsa. Ita kuwa tsatsa shinge ce: wutar na ciki, amma ba ta samun hanyar isa ga inji.

Zahin ƙasarmu na ƙara tsananta abin. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zahi ke zarce digiri 40 a Tawa da Birnin Ƙonni, ruwan batir na ƙahewa da sauri, girgizar hanyoyin ɓurji kuma na kwance kusoshi.

Magani bai kai kuɗin goro ba. A kashe mota, a fara cire wayar da ke da alamar (–), wadda makanikai ke kira mas, sannan mai alamar (+). Wanda ya juya wannan tsari, sufana na iya taɓa jikin mota wuta ta tartsa. A jiƙa bikarbonat, ko kanwar da ke kowane gida, a goge kawunan da burushin ƙarhe har darma ta yi haske. Kumfan da za a gani alama ce asid na mutuwa. Don haka kada ɗigo ko guda ya shiga cikin ɗakunan. A ɗauraye, a busar, a maida (+) kahin (–), a ɗaure tamau, a shafa giris ko basilin.

In batirin mai murahu ne, a duba shi kowane wata. Ruwa ya rufe farantai. In ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya da na famfo gishirinsu na kashe farantai. A nisanci taba da ashana, domin iskar da batir ke hiddawa wuta take kamawa. In asid ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya likita.

Saura tsohon batir. Kada a fasa shi cikin gida don neman darma. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 sunka rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar darmar batura da ta gurɓata unguwarsu.

Direbobi da yaran mota, kahin ku ɗauki hanya, ku buɗe gaban mota ku leƙa. Rayukan da anka ba ku amana sun cancanci wannan minti biyar.