Gammon Babur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin danja a Jalan Tun Razak ko Jalan Ipoh a birnin Kuala Lumpur da yamma, lokacin tashi daga aiki, ya ga yadda babura ke silalowa ta tsakanin motoci su yi cincirindo a gaba. Yawancinsu irin ƙananan nan ne da muke kira roba-roba a Kano, mutanen Malesiya kuma suna ce musu kapcai. Akwai Honda EX5 da ya fito tun 1987 kuma har yau bai bar titi ba, akwai Modenas Kriss da ƙasar ta fara ƙerawa a 1996, ga Yamaha Y15ZR na samari. Ka zuba wa gabansu ido idan suka kama birki. Wani gaban zai ɗan duƙa ya miƙe a natse. Wani kuwa sai ya nutse gaba ɗaya har ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wannan na biyun sifirin ɗin gabansa ya gaji, kuma sau da yawa mai shi bai ma sani ba.

Wanda ya tashi a gidan da ake ɗebo ruwa daga rijiya ba ya buƙatar doguwar lacca kafin ya gane aikin shakazobar gaba. Yarinya za ta naɗe tsumma ta yi gammo, ta ɗora a ka, a ɗora mata bokiti. Kafin ta kama hanya sai ta tsinko ganye ta yaɓa a saman ruwan. Gammon shi ke tsakanin nauyi da ƙoƙon kai, shi ke shanye kowane taku kafin ya kai wuya. Ganyen kuma ba ya ɗaukar komai, aikinsa kawai ya hana ruwan tambal-tambal har ya zube mata a jiki. To haka cikin kowace ƙafar gaba ta babur take. Akwai sifirin mai ɗaukar nauyi, akwai kuma mai da ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan huji, shi ke hana sifirin ɗin yin ta tsalle bayan ya lotsa. Tun da kamfanin BMW na Jamus ya fito da wannan tsari a babur ɗinsa R12 a 1935, asalin dabarar ba ta canja ba.

Abin da ya sa na zaɓi gammo shi ne yadda yake mutuwa. Ba ya yagewa rana ɗaya. A hankali yake daddannewa, yau kaɗan gobe kaɗan, mai ɗaukar kayan tana sabawa, har ranar da za ta wayi gari wuya ya ƙage ta rasa dalili. Sifirin ma da wuya ya karye. Gajarcewa yake yi. Mai babur sai ya koyi kama birki da wuri, ya koyi kauce wa rami, ya riƙa jin tsamin kafaɗa da dare yana ɗora laifin a kan gajiyar aiki. Shakazobar baya tana waje, kowa na ganinta, shi ya sa samarin Kuala Lumpur ke canja ta da mai launin ja ko ruwan ɗorawa. Ta gaba kuwa cikinta a ɓoye yake, sai a yi shekara goma ba a buɗe ba.

Kuma garin ba ya raga wa gaban babur. Ruwan sama mai ƙarfi yana sauka da la'asar a mafi yawan watannin shekara. Hanyar da aka ware wa babura a gefen Federal Highway, wadda ta bi ta Petaling Jaya zuwa Shah Alam, tana da kwanoni da 'yan ƙananan ramukan ƙarƙashin gada inda ruwa ke kwanciya. A unguwanni ga tudun rage gudu a kowane lungu, ga murafan kwata na ƙarfe masu santsi. Masu kai abinci na Grab da Foodpanda suna yini a kan wannan, tsaya-tashi tun safe har dare. Idan aka kama birki, nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa. In sifirin ya riga ya lotse, babu sauran wurin da zai shanye rami, sai tayar ta yi tsalle ta saki kwalta, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da birki. A 2023 sama da mutum 6,000 suka rasu a hatsarin hanya a Malesiya, kusan kashi biyu cikin uku masu babur ne. Dalilan suna da yawa, gudu da ganganci suna kan gaba, amma gajiyar sifirin na cikin waɗanda mutum ke iya gyarawa da hannunsa a yini guda.

Na raka wani ƙanena ɗalibi a jami'ar Musulunci ta Gombak zuwa wani gareji a Sentul, unguwar da shagunan kayan babur suka yi yawa. A hanya yana ta cewa, "Yaya, ai mashin ɗin lafiyarsa ƙalau, kuɗi kawai za mu ɓata." Bakaniken ya ɗage gaban babur ɗin, ya cire taya da birki da murfin roba, ya sassauta notinan da suka riƙe ƙafafun, ya zare su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan murfin sama sai ya danne shi da tafin hannu kafin ya saki, don sifirin a matse yake, in aka yi sakaci zai harbo murfin a fuska. Ya kifa bututun ƙafar a kan wani tsohon kwano. Abin da ya zubo baƙi ne wuluk, ga wari, ga ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Sannan ya shimfiɗa tsohon sifirin kusa da sabo a kan benci, ya daidaita gindinsu da yatsa. Tsohon ya gaza a tsawo, kowa na iya gani. Ƙanen nawa ya ce, "Ikon Allah, a kan wannan nake yawo?"

Awon nan shi ne hukunci. Littafin kowane babur ya faɗi tsawon da in sifirin ya gaza shi sai a jefar. Kuma biyu ake canjawa tare, ko da ɗaya ne ya fi gajiya, in ba haka ba gaban zai riƙa karkata. In sabon yana da ɓangaren da zobbansa suka fi matsuwa, a saka shi yadda littafin ya nuna, kuma iri ɗaya a ƙafafun biyu. Man da ƙananan baburan nan ke ci bai kai mililita 100 a kowace ƙafa ba, don haka kuskure kaɗan yana da tasiri. Da sirinji ake aunawa, a tura bututun sama da ƙasa har kumfar iska ta fita. In bututun ya yi tsatsa ko ya kwarzane, zai ci robar da ke tare mai, sabon man ya tsiyaye ya gangara har kan birki.

Abubuwa biyu nake ƙi, kuma ana yin su a can ana yin su a gida. Na farko cusa washa ko guntun bututu a saman tsohon sifirin don ya ɗago. Gaban zai ɗago, amma ƙarfin sifirin yana nan yadda yake, dutse aka sa a ƙarƙashin mataccen gammo. Na biyu zuba baƙin man inji a madadin man shakazoba. Kaurinsa daban, yana kumfa, sanyin safiya da zafin rana suna juya shi yadda suka ga dama.

Sai batun ƙarfi. Gammon tulu daban, na dami daban, kuma wadda ta naɗa shi ta san kanta da kayanta. Masu sayarwa kan tallata sifirin mai tauri na 'yan tsere, samari su saya suna murna, alhali a titi mai ramuka taurin da ya wuce kima hannu yake duka, tayar kuma ta riƙa tsalle. Ɗan kabu-kabun Maraɗi mai ɗaukar mutum biyu da buhu, da ɗalibin da jakar littafi ce duk kayansa, bai kamata su hau sifirin iri ɗaya ba. Gwajin ba wuya. A ɗaura siririn zare a jikin bututun, mahayi ya zauna da kayan da ya saba ɗauka, a sauka a auna inda zaren ya tsaya. In nutsewar ta kai kwata zuwa sulusin dukan tafiyar ƙafar, an dace.

Wajen mayarwa, kada a ƙarasa ɗaure notin taya sai an sauke babur ƙasa an danna gaban sau da yawa, ƙafafun su zauna daidai da juna. Bayan haka a ɗaure komai da kyau, a yi ta matsa birkin gaba har hannu ya ji ya kama, domin birkin da aka cire aka mayar yakan tafi fayau a matsawar farko. Sai a zagaya layi a hankali kafin a shiga babban titi.