Kafson jan tumatir ba maganin ciwon daji ba ne

Jama'a, a yi hattara. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai Turawa sun gano maganin ciwon daji a cikin tumatir, har an ɗura shi a kafso ana sayarwa. Gwaggona ce ta turo min shi da asuba, tana cewa: "Ɗana, duba mana wannan, ko za mu saya wa Malam." Shi kuwa Malam likita ya riga ya sa masa ranar da za a ɗebi ɗan nama daga jikinsa a gwada, ga shi har sun fara shawarar ɗaga ranar. Wannan ne ya tayar min da hankali.

Sinadarin dai akwai shi. Laikofin ake ce masa, shi ke ba tumatir da kankana da jar gwaiba launinsu. An kuma gwada shi a jikin ɓeraye, aka ga yana rage irin ɓarnar da ke cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, yana taɓa garkuwar jiki, wani lokaci ƙari ya rage saurin girma. Nan masu talla suke tsayawa, su miƙo maka kwalba.

To amma ɓeran ɗakin bincike ba Malam ba ne. Zaɓo irinsa ake yi, da gangan ake sa masa cutar, abincinsa a aune yake. Ko a tsakanin ɓerayen ma labarin bai yi wa masu kafso daɗi ba. A 2003 masu bincike a Amurka sun haddasa wa ɓeraye dajin firostet, 'yar gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Aka ciyar da wasu garin tumatir, wasu laikofin zalla. Masu cin garin tumatir haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 26 cikin 100. Masu zallar sinadarin kuwa ba a ga wani bambancin kirki ba. Wato abin da ake ɗurawa a kafso shi ne ya gaza.

A wajen mutane, binciken Jami'ar Habad na 1995, kan maza sama da 47,000, ya nuna masu yawan cin kayan tumatir ba sa kamuwa da wannan daji kamar sauran. Lura aka yi da abin da suke ci, ba magani aka gwada ba. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tace hujjojin a 2005, ta ce ƙalilan ne ƙwarai.

An taɓa faɗawa irin wannan rami. Sinadarin da ke ba karas launi ɗan uwan laikofin ne, shi ma an yi ta kururuta shi. A Finlan aka gwada ƙwayarsa kan maza masu shan taba sama da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Ƙaruwa fa, ba raguwa ba.

Tumatir kam a ci. Allah ya hore mana shi daga Kadawa zuwa Ɗanja, kuma dafa shi da mai, yadda iyayenmu mata ke soya miya, ya fi sa jiki ya zuƙi laikofin ɗin fiye da cin ɗanye. Sai dai a guji ruɓaɓɓen nan mai furfura da ake tarawa a gefe saboda araha.

Ciwon daji ba ya jiran kwalba ta ƙare. Watannin da za a ɓata ana haɗiyar kafso na iya ba ƙari damar bazuwa zuwa inda aiki ba zai kamo shi ba. Wanda ya ji kullutu a nono, ko ya ga jini a fitsari ko bayan gida, ko fitsari yana masa gardama, ya nufi asibiti. Wanda ke kan magani kada ya ajiye, kada kuma ya haɗa da wani abu likitansa bai sani ba.

Na roƙi Gwaggo kada su ɗaga ranar. Kai ma idan saƙon nan ya iso wayarka, don Allah ya tsaya a kanka.