Kakar da Aka Raba Masu Gida da Gidansu

A watan Yulin 2022 aka rufe kakar gasar Firimiya ta Najeriya. Rivers United ta Fatakwal ce ta ɗaga kofi, karon farko a tarihinta, ƙungiyoyi huɗu kuma suka gangara gasar 'yan dagaji: MFM ta Legas, Heartland ta Owerri, Katsina United, sai Kano Pillars. Faɗuwar Pillars ce ta girgiza Arewa, domin ƙungiya ce da ta lashe gasar har sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna a 2019 bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Har gobe idan aka tayar da zancen a majalisar matasa a Rano ko Kibiya, kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Wani ya ce alƙalan wasa ne, wani ya ce koci, wani ya rantse cewa haɗa baki aka yi daga Kudu. Ni a ganina abin ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka ciwo. An gina ƙungiyar ne a kan fili guda, wato filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma magoya bayanta ne da hannunsu suka ja aka ƙwace mata shi.

Sai mutum ya san yadda ake lissafin kaka kafin ya gane wannan. Ƙungiya 20 ce a gasar, kowace za ta kara da 'yan'uwanta sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidansu, wasa 38 ke nan. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Wanda ya cinye wasanninsa 19 na gida ya riga ya haɗa maki 57 ba tare da ya taka ko'ina ba. A shekarun da Pillars ke jan zarenta, maki 60 da 'yan kai sun isa a ɗauki kofi. Ma'ana, ka tsare gidanka, ka ɗan tsinto canjaras biyu-uku da nasara ɗaya ko biyu a waje, shi ke nan ka zama zakara. Pillars ta ƙware a wannan hanya fiye da kowa. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 ta buga a gida a gasar ba tare da an doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Shekara 12 ke nan baƙo bai fita daga hannunta da maki uku ba.

Me ya sa gida ke da wannan ƙarfi a Najeriya? Da farko akwai hanya. Daga Kano zuwa Uyo ya haura kilomita 1,000, kuma akasari a mota ake yin sa. 'Yan wasa su shiga bas tun asuba, gwiwa a tanƙware, su wuce Zariya da Kaduna da Abuja da Lokoja, shingen bincike bayan shingen bincike, a ci abin da aka samu a bakin titi, a kwana a hanya, a isa da ƙafa a kumbure, washegari a ce su fito su yi gudu na minti 90 a cikin zafi mai ɗanshi da ba su saba da shi ba. Hanyar ma ba ta da tabbas. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri wasan buɗe kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Wanda ya zo Kano daga Fatakwal ko Aba shi ma irin wannan wahala yake sha, ga hunturu ko zafin bazara na jiransa.

Amma gaskiya ba hanya kaɗai ba ce, kuma duk mai zuwa fili ya sani. Alƙalin wasa ɗan Adam ne. Idan ya ɗaga kai ya ga dubban mutane sun kewaye shi, katangar da ke tsakaninsu ba ta da wani ƙwari, 'yan sandan da ke wurin ba su kai abin a zo a gani ba, to lissafin da yake yi a zuciyarsa ba na ƙwallo ba ne, na yadda zai koma wurin iyalinsa ne. Daga nan ake samun fenaretin minti na ƙarshe da ƙarin lokacin da ba ya ƙarewa sai masu gida sun ci. Ba a Kano kaɗai ake yi ba, ko'ina ana yi, mu ma an yi mana a gidajen wasu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai wata 'yar ƙasa da ke taimaka wa mutum ya ga abin da kyau, saboda ita ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Malta tsibiri ce a tekun Bahar Rum, tsakanin Italiya da Libiya. Faɗinta duka murabba'in kilomita 316 ne, wato ƙaramar hukumar Kibiya ma ta fi ta girma, balle Rano. Mutanenta rabin miliyan ne da 'yan kai. Duk da haka tana da gasarta tun kakar 1909/10, kafin a haɗe Arewa da Kudu a ce Najeriya. A can, hukuma ce ke rarraba wasanni a 'yan filaye kaɗan, babbansu shi ne na ƙasa da ke Ta' Qali, har akan buga wasa biyu a jere a fili ɗaya rana ɗaya. Sunan “gida” da “waje” a takarda kawai yake. Babban tsibirin tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba, don haka ɗan wasa zai ci abincin rana a ɗakinsa, ya je ya buga, ya dawo ya kwana a gadonsa. 'Yan Najeriya da dama sun bi ta wannan gasa, cikinsu har da Haruna Babangida, ƙanin Tijjani Babangida, wanda ya taɓa zama a Barcelona tun yana yaro, ya kuma buga wa Mosta a 2015.

To a wannan kaka ta 2021/22 da muke magana, ƙungiya 12 ce ta fafata a Malta. Hibernians ta ɗauki kofi, Sliema Wanderers kuma, mai kofin gasar har 26, ta faɗa rukuni na biyu. Manya biyu ke nan suka faɗi a shekara guda, ɗaya a tsibiri, ɗaya a Kano, kuma dukansu sun dawo bayan kaka ɗaya. Bambancin shi ne mutumin Sliema ba shi da hanya ko baƙon fili da zai laɓe a bayansu. Ƙungiyarsa ba ta iya ba a wannan shekara, teburi ya faɗa masa gaskiya. Kada wani ya ɗauka ina cewa can aljanna ce. Filayensu sau da yawa wayam suke, domin su ma hankalinsu na kan gasar Ingila da ta Italiya kamar namu, sun kuma sha fama da cinikin wasa, har hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da wasu matasan 'yan wasan ƙasar a 2018. Abin da nake nunawa kawai shi ne, inda aka cire tasirin gida, ƙwallon da ka iya ita ce za ta kai ka inda za ka je.

Wannan jarrabawar ce ta faɗo wa Pillars ba shiri. Lokacin annobar korona a 2020 an mayar da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, bayan nan kuma aka shiga jiran gyara. Ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A can Ahmed Musa ya same su da ya dawo a Afrilun 2021, shi da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10 kafin ya tafi Turai. Kakar 2021/22 ta fara a Disamba, Pillars na Kaduna, maki na zubewa a wasannin da a da ko tunanin su ba a yi. Kowa na cewa a yi haƙuri, da zarar an dawo Kano komai zai daidaita.

Aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, abokiyar karawa kuma Katsina United, maƙwabciya wadda ita ma ke neman tsira. Fili ya cika. Wasa ya yi nisa babu ci, ana dab da tashi wasu 'yan kallo suka tsallako cikin fili, aka watse, aka farfasa motar baƙin. Kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, ya yanke hukuncin cire wa Pillars maki uku, da tarar naira miliyan tara, da mayar da ita filin Moshood Abiola na Abuja. A watan Yuni kuma, a wasa da Dakkada ta Uyo, shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a gaban jama'a, aka dakatar da shi. Ƙungiyar da ke lallaɓa maki ɗaya-ɗaya ta zubar da uku a yammaci guda, ba ƙwallo ce ta ci ta ba. Da aka tashi lissafi a Yuli, ita da Katsina United hannu da hannu suka gangara.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ranar da Pillars ta fi kowace ɗaukaka a tarihinta ba a Ƙofar Mata aka yi ta ba. A 2009, a gasar zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin. Aka tashi 1-1 a Najeriya, kowa ya ce an gama. Ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da su da yawan ƙwallon waje, ta tafi har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare ta. Babu mai tsallako katanga a Alƙahira, babu alƙalin da ke tsoron Kanawa. Ƙwallo aka buga. Ashe ƙungiyar na iya yi idan aka bar ta da aikinta.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Rano ko Kibiya da wannan, shi da Ƙofar Mata ke masa nisa? Ruwansa ne tsundum. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, mallakar gwamnatin jiha ce. Albashin 'yan wasa da kuɗin mai da na masauki, har da tarar da ake biya idan an yi ɓarna, duk daga baitulmalin da ƙananan hukumomi 44 ke da haƙƙi a ciki suke fita. Manomin Rurum da bai taɓa ganin ɗan wasan ƙungiyar, Rabi'u Ali, da idonsa ba yana cikin masu biya. Yaron Kibiya da ya tara kuɗin mota don ya je birni ranar Lahadi ya ga wasa ya dawo a ranar, shi ne ake hana wa kallo idan aka mayar da ƙungiyar Abuja, domin can ba wurin zuwansa ba ne.

Kuma ƙwallon gida dama a raunane take a garuruwanmu. Ka leƙa gidan kallo ranar Asabar. Ga allo jingine a bakin ƙofa an rubuta da alli: Arsenal da Chelsea ƙarfe kaza, Madrid da daddare. Janareta na ruri a baya, bencina sun cika, yaro na zagawa da ruwan leda, ana musu kan ɗan wasan da aka saya a Landan kamar da su aka yi cinikin. Wasan Pillars kuwa sai dai a rediyo ko a waya, idan an dace. Duk kakar da aka yi ba a buga a Kano ba, wasu yara ke nan sun tashi ba su san launin rigar ƙungiyar jiharsu ba. Halin ma daga ƙasa yake somawa. A gasar unguwa-unguwa da ake yi a filin firamare, sau nawa wasan ƙarshe ke kai wa ƙarshe? Da an ci masu gari, sai ka ga alƙali ya tattara usur ɗinsa ya nufi bayan aji da gudu, manya na dariya. Yaron da ya ga haka yana ɗan shekara goma, shi ne zai tsallaka katangar Sani Abacha yana ɗan ashirin, yana ganin kishin ƙungiya yake yi.

Pillars ta dawo a 2023 ta hanyar gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, tare da Heartland da Katsina United da Sporting Lagos. Lura da cewa a can ma fili ba na kowa ba ne, ta kuma haye. Gasar da ta tarar ta fara sauya fuska. Ana ƙara nuna wasanni kai tsaye, kuskuren alƙali na yawo a waya kafin ya bar fili, nasarar waje ta daina zama abin al'ajabi kamar da. Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa ba ta gwamnati ba, ta ɗauki kofin 2024/25. A Kano ma Barau FC ta hauro rukunin manya a 2025, Pillars ta daina zama tilo a jihar. A watan Yulin 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, mutane suka ce yanzu kam za a ga tsari irin na Turai.

Wata uku bayan nan, a Oktoban 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano. Pillars na gaba da ci ɗaya, baƙi suka rama a ƙarin lokaci, aka tashi 1-1. Nan take jama'a suka cika fili, aka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar naira miliyan tara da rabi, ta rufe filin Sani Abacha. Wannan karon Katsina aka tura ta ta je ta buga wasanninta na gida, garin mutanen da aka fasa wa mota a 2022.