Yadda Na Sa wa Kekena Madigadi Ba Tare da Na Huda Shi Ba

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ga damina ta kankama, ga kuma lokacin fita koyon aikin koyarwa ya matso. Na lura bana kekuna sun yi yawa a gindin mangwaron nan na bayan ɗakin cin abinci, amma galibinsu tsirara su ke, ba su da madigadi, watau makarin nan da a ke sawa bisa taya don ya tare taɓo. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na koya bara, ko wani ya huta da irin wahalar da na sha.

Keken iyayenmu, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, da madigadinsa ya ke fitowa daga masana'anta. Amma waɗannan na gwanjo da mu ke saye yanzu, da yawansu don tsere ko hawan duwatsu a ka ƙera su, ba don zuwa wurin aiki da fararen tufafi ba. Saboda haka ba a yi musu wurin ɗaura madigadi ba. In ka duba keken da a ka yi wa wurin, za ka ga waɗansu 'yan kunnuwa masu huda kusa da inda ƙafa ke shiga, gaba da baya, waɗanda ƙusa mai zare ta milimita 5 ke shiga. A nan ne sandunan da ke riƙe madigadi ke kamawa. Akwai kuma huda a saman cokalin gaba, da wata a ɗan ƙarfen da ya gitta bisa tayar baya. Nawa keken, in ban da hudar saman cokali, ba shi da ko ɗaya.

Ban damu ba sai ran da a ka tura ni wata makarantar firamare, tafiyar kamar mil huɗu kan jar hanya. An kwana ana ruwa. Na isa, na shiga aji, na juya zan yi rubutu a allo, sai na ji yara sun fashe da dariya. Ashe tayar baya ta zana mini jan layi tun daga ƙugu har ƙeya. Ga kuwa malamin da ya zo duba aikina zaune a bayan aji da littafinsa. Bai ce kome ba, amma ran nan ban san abin da na koyar ba.

Da na taso sai na biya kasuwa na sayi madigadi, na zo na ɗaɗɗaure shi da waya, na ce ai magana ta ƙare. Kwana uku ya yi. Ran na huɗu ina gangarowa wajen rafi, wayar gaba ta zame, madigadin ya sauka kan taya, tayar ta naɗe shi ta cusa ƙarƙashin cokali. Nan take ƙafar gaba ta tsaya cik, ni kuwa na wuce ta kan keken. Allah ya kiyaye, gwiwa da tafin hannu kaɗai na kuje. Tun ran nan na gane madigadin gaba ba abin wasa ba ne. Na baya in ya kwance sai ya yi ta ƙara ya dame ka, na gaba in ya kwance sai ya kayar da kai.

Na ja keken zuwa wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, so na ke ka huda mini ƙarfen nan, ko kuwa a kai wa mai walda ya liƙa masa kunnuwa.”

Ya ɗauko mayen ƙarfe ya kanga wa jikin keken, sai ya faɗo ƙasa. Ya ce, “Malam, ka gani? Wannan alminiyam ne, ba baƙin ƙarfe ba. Waldar da ke nan kasuwa ba ta kama shi, sai dai ta cinye shi. Huda kuwa, in ka ba ni ninkin kuɗin aikina ba na yi. Madigadi a ke hudawa, ba keke ba.”

Daga baya na fahimci dalilinsa. Bututun da a ke ƙera keke da su ba su da kauri, a waɗansu wurare ba su kai milimita ɗaya ba. Duk inda a ka huda, nan ne nauyi da girgiza za su taru, sai tsaga ta soma daga bakin hudar tana ci a hankali, ba ka sani ba sai ran da ya karye. In kuma na baƙin ƙarfe ne, ruwa ya sami ƙofar shiga ke nan, tsatsa ta ci shi ta ciki.

To, ga abin da muka yi maimakon huda. Tun da keken ba shi da kunne, sai a yi masa na aro wanda zai rungume bututun. Ana sayar da irinsa a wurin masu kayan lantarki da na mota, wani ɗan maɗauri ne mai kama da harafin P, da roba a cikinsa. Mu dai da hannu muka yi namu. Baba ya yanko ɗan falle daga ragowar kwanon rufi, faɗinsa kamar rabin inci. Ya zagaya zare a jikin bututun don ya san tsawon da a ke bukata, ya ƙara kamar inci guda saboda leɓɓa biyu. Sa'an nan ya goge bakin da zarto don kada ya yanki hannu, ya huda leɓɓan biyu, ya lanƙwasa fallen a jikin wata sanda mai kaurin bututun. Kafin ya ɗaura sai ya yanko roba daga tsohon tiyub ya naɗa wa wurin. Kada a raina wannan robar, ita ce rabin aikin. Ita ke hana maɗaurin zamewa, ita ke hana shi cin fenti, ita kuma ke kashe ƙara. Da ya matse leɓɓan da ƙusa da noti, ya sa bakin sandar madigadi a tsakani, sai ga kunne ya samu. Huɗu muka yi, biyu gaba biyu baya, kowanne kamar inci biyu sama da inda ƙafa ke shiga.

Abu ɗaya a kula da shi: in an matse, kada leɓɓan su haɗu tun maɗaurin bai kama bututu ba. In sun haɗu alhali yana juyawa, ya yi yawa ke nan, sai a ƙara roba ko a rage tsawonsa. Ƙafafun cokali kuma suna sirancewa ta ƙasa, don haka maɗauri mai sako-sako gangarowa zai yi.

Wanda kekensa ke da noti a gefen ƙafa, kamar na dā, yana da hanya mafi sauƙi. Ya sami madigadi mai sanduna masu babbar huda, ya sa su ƙarƙashin notin ƙafar, muddin dai zare ya rage wanda notin zai hau sosai. Illarta ita ce duk ran da za a yi faci sai an kwance kome. Amma in ƙafar irin mai ɗan hannun nan ce da a ke buɗewa ba da sifana ba, kada a cusa kome ƙarƙashinsa, gama shi kaɗai ke riƙe da ƙafar.

Saman madigadin baya bai ba mu wuya ba. Muka yi masa huda biyu kusa da juna daidai ƙarƙashin ƙarfen da ya gitta, muka zura maɗaurin roba mai haƙora, irin wanda masu lantarki ke ɗaure waya da shi, muka ja. Haka muka yi wa bakinsa na ƙasa, bayan wurin feda. A nemi baƙi, don farin ba ya jure rana, wata kaɗan sai ya bushe ya karye. Ni dai ina sake nawa kowace farkon damina ko bai nuna alamar gajiya ba.

Inda muka daɗe shi ne wajen tazara. Ni so na ke madigadin ya kwanta kusa da taya don ya yi kyaun gani. Baba ya ce, “Kyaun gani na kwalta ne, Malam. Kai jar ƙasa za ka bi.” Gaskiyarsa. A kan kwalta tazarar milimita 10 ta isa, amma taɓonmu mai danƙo ne, yana bin taya yana taruwa har ya toshe tsakani, ka ji kamar an riƙe ka ta baya. Muka bar wurin da ɗan yatsa zai shige ko'ina, tun daga farko har ƙarshe. Faɗin madigadin kuma ya ɗara na tayar da kamar milimita 10, in ba haka ba ruwa ta gefe zai fito. Saboda haka tun kafin ka kashe kuɗinka, zura yatsa tsakanin taya da saman cokali. In bai shiga ba, cikakken madigadi ba naka ba ne, sai ka nemi gajeren nan da a ke maƙalawa a sandar sirdi. Ba zai kare sarƙa ba, amma zai kare riga.

Da muka gama ya ɗaga keken ya juya kowace ƙafa yana saurare, ya sake shi ƙasa sau biyu ko wani abu zai yi ƙara. Ya sa na hau na karya kan keken hagu da dama ina taka feda a hankali, don a ga ko takalmina zai taɓa madigadin gaba. Ya taɓa kaɗan, sai muka datse kan sandunan da suka yi tsini waje. Daga ƙarshe ya yanko ɗan falle daga tsohuwar jarka ya ɗaura a gindin na gaba, don ruwan da ke zuba kan ƙafa da sarƙa.

Bayan mako guda na sake bin notocin da sifana, gama roba ta kan kwanta su yi sako-sako. Har yanzu kowace Asabar na kan kama madigadin gaba in girgiza kafin in hau. Ragowar kwanon yana nan wurina, zai yi maɗauri kamar goma sha biyu. Wanda ke bukata ya same ni a ɗakin kwananmu bayan la'asar, ya zo da tsohon tiyub da ƙusoshinsa.