Naɗar Shirye-shiryen Talabijin a Kwamfuta: Wata Hanyar Tattara Bayanai ga Ɗalibin Harshe

Sa'ad da aka ba mu aikin nazarin karin harshe, sai na zaɓi Hausar Kudancin Kaduna, domin a Kagoma na tashi, cikin ƙaramar hukumar Jama'a, ba nisa da Kafanchan. Harshen gida a can shi ne Gyong, na al'ummar Gwong, amma Hausa ce ta kasuwa da tashar mota, da ita kuma ake wa'azi a majami'u da dama. Na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Ashe ba haka ba. Wata tsohuwa mai sayar da citta muna hira tiryan-tiryan, ina fito da waya na ce, "Mama, zan ɗauki maganarki," sai ta gyara zama ta koma irin Hausar da ake karantawa a coci ranar Lahadi. Wannan ita ce matsalar da masanin walwalar harshe William Labov ya bayyana tun 1972, wato mai nazari yana son jin yadda mutane ke magana idan ba a sa musu ido ba, alhali sai ya sa ido zai ji.

Talabijin ba ta kawar da wannan matsala duka, don kowa yakan kintsa harshensa gaban kyamara. Amma tana kawo wa ɗalibi abin da wayarsa ba za ta kai gare shi ba: manomi yana kuka da tsadar taki rai a ɓace, ɗan siyasa yana tsalle daga Turanci zuwa Hausa, basarake yana jawabi a wurin biki. Illarta ɗaya, magana ta wuce ta wuce ke nan, sai fa idan an naɗe ta.

Yadda Sigina Ke Isowa

Hanya biyu ce. Akwai ta eriya, wadda ke kamo tashoshin da ke watsawa daga dogon ƙarfe a ƙasa. A da tsarin analog ne, daga baya Nijeriya ta rungumi tsarin dijital mai suna DVB-T2, wanda aka fara ƙaddamarwa a Jos a Afrilun 2016, aka zo Kaduna a Disambar 2017. Wannan sigina ba ta son tsauni a gabanta, ƙasarmu kuwa ta duwatsu ce, shi ya sa a gidanmu ko an ɗaure eriya a kan gora mai tsawo, abin da take kamowa bai taka kara ya karya ba.

Ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam, wanda ke tsaye kimanin kilomita 36,000 a saman ƙasa. Dish yana tattaro sigina ya cilla ta ga ɗan kan nan da ke gabansa, wato LNB, shi kuma ya sauko da ita ta waya zuwa risiba. Tsarin da ake amfani da shi a nan shi ne DVB-S2. A ƙauyukanmu wannan ce ta fi karɓuwa, musamman tashoshin kyauta da ba a biyan kuɗin wata.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a tsarin dijital hoto da sauti sun riga sun zama lambobi tun daga tasha. Saboda haka naɗa ba wani abu ba ne illa kwafe lambobin nan yadda suka iso, a zuba su a fayil mai ƙarewa da .ts. Ba a rage komai ba, ba a ƙara ba. Wannan ya sha bamban da ɗora waya gaban akwatin talabijin, inda kukan zakara da ƙarar janareto za su shige cikin bayananka.

Naɗar Kanta

Mafi sauƙi, kuma wadda na bi, ita ce a duba bayan risiba. Yawancin risibobin tashoshin kyauta suna da ramin USB. Sai a soka filashi, a danna maɓallin naɗa a rimot, ko a sa masa lokacin farawa da na tsayawa. An gama, a zare a kai kwamfuta. Mai hali yana iya sayen 'yar na'urar kamo tasha da ake haɗa wa kwamfuta kai tsaye, wayar dish ko ta eriya ta shiga cikinta, amma a tabbatar an sayi mai dacewa, don ta DVB-T2 ba ta karanta siginar dish. Tashoshin kuɗi irin na DStv kuwa a kulle suke zuwa, kuma abin da dikodarsu ta naɗa a cikinta yake zama, ba ya buɗuwa a kwamfuta.

Sai batun girma. Hoton da muka saba da shi ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Hoto garau, wato HD, yana kaiwa 1920 da 1080. Idan tasha tana turo megabit 8 a daƙiƙa, awa guda za ta ci kimanin gigabayit 3.6. A nan na sha kashi. Filashina yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, sai na tarar da wata doguwar muhawara ta yanke ana tsakiyar cacar baki. Maganin shi ne a mayar da filashin tsarin NTFS, idan risibar tana karanta shi. A ganina ɗalibin harshe bai kamata ya wahalar da kansa neman HD ba, sai in yana nazarin motsin leɓe ko ishara da hannu. Kunne ne abokin aikinmu, kuma kyan hoto ba ya nufin kyan sauti.

Abu biyu suka fi ƙarfin dabara. Ruwan sama na farko: a watan Agusta, da hadari ya haɗo, hoto zai dinga kakkaryewa, sauti ya riƙa tsalle, kuma haka fayil zai adana shi. Na biyu ɗauke wuta, wadda kan lalata fayil ɗin da ba a rufe ba. Mai sola ko inbata ya huta.

Bayan An Naɗa

Manhajar VLC tana buɗe fayil ɗin .ts, tana kuma iya ciro sautin shi kaɗai a matsayin WAV. Daga nan sai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, don auna karin sauti da tsawon wasali, ko ELAN don rubuta magana daidai da lokacinta. Duka kyauta ne. A rubuta sunan tasha da shiri da kwanan wata a jikin kowane fayil nan take, in ba haka ba ranar kare kundi malam zai tambayi madogara a rasa amsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar amfani da irin wannan don karatu da binciken da ba na kasuwanci ba, amma ba ta halatta a kwashe shirin mutane a zuba a intanet ko a sayar ba.

Da na zauna da abin da na tara, na ji ƙarara abin da na girma ina ji ban lura ba. Ana cewa "kasa" a wurin "ƙasa", "daya" a wurin "ɗaya". Ana cewa "ya zo" ga mace, "rigan" maimakon "rigar". Wannan na ƙarshe ya sa na rage saurin yanke hukunci, domin Zazzaganci ma ba ya tsananta bambancin jinsi, don haka ba kowane abu ne za a jingina wa tasirin harsunanmu ba.

Gyong kuwa ban same shi ba sai gutsure, gaisuwa ko amshin waƙa a rahoton biki. Hakan ya tuna mini Disambar 2012, lokacin da aka kawo gawar Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa mahaifarsa Fadan Kagoma bayan hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa. Duk gidanmu mun kalli rahotannin, garinmu da mutanenmu a talabijin. Kwanan baya na zaro tsohuwar risibar da muka yi kallon da ita daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ƙura na juya bayanta. Ramin USB yana nan, ba a taɓa soka masa komai ba.